Ranar da Shukar Bene ta Langaɓe

Ku matso kusa, yau ba kuka na zo yi muku ba. Na ga saƙonninku. Na ga mai cewa in yi haƙuri, na ga mai cewa in daina wahalar da kaina tunda ga mai sona a tsaye. Akwai ma wadda ta rubuto cewa mace mai maki irin nawa ba ta da bakin zaɓe. 'Yar uwa, na gode, Allah ya bar zumunci. Bakin dai nawa ne, kuma yau da shi na yi aiki.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu: ni ce auta a gidanmu, ina karatun akanta, saura shekara ɗaya in gama. Takardar sakamakona ba abin nuna wa baƙo ba ce. Darussa biyu na faɗi, sauran kuma na tsallake su ne yadda akuya ke tsallake kwata, ƙafar baya a jiƙe. Makarantarmu ba ta barin ɗalibi ya shiga shekarar ƙarshe sai ya yi koyon aiki a wani ofis an sa masa hannu. Wanda bai kai sunan wurin da ya samu ba kafin watan nan ya ƙare, sai ya maimaita shekara. Baba kuwa ya gama magana tun tuni: ba a maimaita aji a gidansa. In na rasa wuri, in tattara littattafaina in koma shagon ɗinkin Umma gaba ɗaya.

Lokacin dogon hutu na nema kamar kowa. A lokacin ne ofisoshi ke buɗe wa ɗalibai ƙofa, kuma a lokacin ne suke da sararin zama su jera takardunmu, masu maki a sama, irina a ƙasa, su yaɗe na saman su bar sauran. Na fi kowa sammako. A wurare da dama ni ce ta farko a layi. Sai daga baya na gane sammakon nan cutata ya yi, don na ba su isasshen lokacin da za su karanta ni tsaf.

Sai kuma shi. A gida Akanta suke ce masa, saboda shi ne babban akanta a kamfanin da ke rarraba sabulu da man girki. A wayata kuwa Sannu-Sannu na sa masa, don ba ya rufe magana sai da "a bi a sannu". Ba mugu ba ne, kar ku zage shi a ƙasan rubutun nan. Rigarsa kullum kamar yanzu aka janye ta daga ƙarƙashin dutsen guga. In ya zo gidanmu yakan cire takalmansa ya jera su suna kallon ƙofa, kamar su ma suna jiran a sallame su. Gwaggo, yayar Baba da ke zaune tare da mu, ta riga ta ba shi zuciyarta. Da ana yi wa mutum aure a madadinsa, da tuni Gwaggo ta tare.

Yau da safe ina ɗaure gashina wayar ta yi ƙara.

"Barka da asuba, Auta. Kar ki kai takarda ko'ina yanzu. Ki jira sakamakon jarrabawar da kika sake ya fito, sai ki nema da fuska a wanke. In ma bai yi kyau ba, ina nan. A wurinmu za a sa miki hannu da hatimi, ba sai kin taka ƙafa ba. A bi a sannu."

Na karanta, na kife wayar a kan filo.

Ku duba mini. Sakamakon nan ba zai fito ba sai ana gab da rufewa. Ranar da ya fito, duk irina za su cika titi da takardu a hannu kamar fara ta sauka a gona. Kuma wa ya ce mini zai yi kyau? Ni na rubuta jarrabawar, na san abin da na zuba. Amma ba wannan ne ya fi cizona ba. "Ba sai kin taka ƙafa ba." Ni da lambobi ke yi mini iyo a kan allo, ba na gane abu sai hannuna ya taɓa shi, a ce in zauna a gida a kawo mini hatimi kamar maganin mura? In gama, in riƙe shaidar abin da ban taɓa gani ba? Kuma kun san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da zan ce masa eh, in har zan ce, ina so bakina ne ya faɗa, ba hatiminsa ba.

A falo na tarar da su ana shan shayi. Baba na kan kujerarsa mai ramin zama, da tabaraunsa da aka ɗaure wa hannu ɗaya da baƙin zare. Bari in gaya muku wani abu game da tabaran nan, don za ku buƙace shi. Baba ba ya cire shi sai zai yanke hukunci. Ko barci ya sace shi a kujera, da shi yake yi. Ina ƙarama na tambaye shi dalili, ya ce don ya ga mafarkinsa da kyau. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, a wurinsa duk abin da ba a buga wa hatimi ba bai faru ba.

"Ke 'yar nan," in ji Gwaggo tana tsoma burodi, "an ce yaron nan zai sa a yi miki komai kina kwance. Me kuma kike nema? Kaza ta samu tsaba a faranti tana tonon ƙasa."

"Gwaggo, ai tonon ne sana'arta."

"Ji bakinta! Da makinki ya kai bakinki kaifi, da ba mu zauna muna wannan zancen ba."

Umma ta yi kamar tana neman murfin sukari. Baba ya dube ni ta saman gilashi.

"Ni dai wuri nake son ji, Auta. Wuri, da hatimi. Ko na wane ne."

"Za ka ji, Baba."

"Yaushe?"

"In ta langaɓe."

Suka dubi juna. Gwaggo ta ce a nema mini addu'a, karatu ya fara taɓa ni.

To ga abin da nake nufi. Shagon Umma yana bakin titi, ɗaki ɗaya mai keken ɗinki biyu da madubi mai tsaga a kusurwa. Duk ranar da ba ni da darasi a can nake yini, ina sa maɓalli, ina kalmasa, ina tsefe ɗinkin da ya karkace. Kujerata tana kallon titi. A tsallaken titin akwai kantin magani, a samansa kuma bene, ofishin masu binciken asusu, waɗanda ake ce wa odita. Aikinsu su shiga kamfani in shekararsa ta ƙare, su duba ko abin da aka rubuta shi ne abin da ya faru. Su ma sun ƙi ni lokacin dogon hutu. Ko matakalar ba a bar ni na gama hawa ba.

A tagar ofishin nan akwai wata shuka mai faɗin ganye a cikin tukunyar ƙasa. Tun ina shekarar farko nake kallonta, har na san halinta fiye da na wasu 'yan ajinmu. Yawancin shekara tana tsaye ƙyam, ganyenta na sheƙi kamar an shafa masa mai, don akwai mai ba ta ruwa. Amma akwai wani lokaci da takan fara sunkuyar da kai. Ganyen ƙasa ya yi rawaya, na sama ya rataya kamar kunnen akuya. Da farko na ɗauka ciwo ne ke kama ta shekara-shekara. Sai na lura a daidai lokacin ne mai shayin bakin titi ke hawa benen da tire ba hutawa. A lokacin ne labulen tagar ke kwana yadda ya yini. A lokacin ne kuma shugabar ofishin, wadda Umma ke ce wa Hajiyar Bene, ke manta ta kawo ɗinki, kayanta su gama su rataye a shagonmu har ƙura ta fara gaishe su.

Shukar ba ciwo take yi ba. Aiki ne ya ci mutanen har ba mai tuna ta. Kuma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ni ce takobin.

Tun makon jiya ta fara sunkuyawa. Na daure, na ce bari ta ƙara. In na je da wuri, har yanzu suna da ƙarfin cewa a'a. In na makara, sun riga sun fita daga ruwan. Yau da muka buɗe shago na ɗaga kai, sai na ga babban ganyen nan na tsakiya, wanda bai taɓa saranda ba, ya kwanta a kan bakin tukunyar.

Na shiga bayan labulen gwaji na canza kaya. Doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan maɓallai a hannu, mayafi baƙi mara ado, da takalmin Yaya da ta bari lokacin da ta yi aure, wanda ya fi ƙafata har sai da na cusa ƙyalle a bakinsa. Na ninke takardar sakamakona na sa a jaka. Sannan na sauke rigar Hajiyar Bene daga ƙusa, koriya mai aikin zare a wuya, na kaɗe ta na sa a leda.

Umma na kan keke, ba ta ɗago ba. Ta tsayar da ƙafa, ta ciji zare, ta dubi takalmin Yaya, ta dubi ledar.

"Wa ya aike ki?"

"Ba kowa."

Na ɗauka za ta ce in mayar.

"Ki ce mata na sassauta hannun, don na ga ta ƙara jiki. A'a, kar ki ce ta ƙara jiki. Ki ce yadin ne ya shige." Ta mayar da ƙafa kan keke. "Kuma ki daina jan ƙafa, takalmin nan ba naki ba ne, kar ki sanar da duniya."

Na tsallaka titi.

A saman matakalar akwai tebur, da wani mutum mai furfura a gemu da fensir a bayan kowane kunne, yana neman na uku a cikin aljihun tebur. Shi ne ya kore ni wancan karon. Bai gane ni ba.

"In ɗaliba ce, ba ma ɗauka yanzu. A dawo lokacin hutu."

"Ɗinkin Hajiya na kawo."

"Ajiye a nan."

"An ce sai ta gwada a gabana, saboda hannun."

Ya yi tsaki, ya nuna ƙofa da haɓa.

Jama'a, ban taɓa ganin ɗaki irin wannan ba. Fayil a kan tebur, fayil a kan kujera, fayil a ƙasa an jera su kamar bulo, an bar 'yar hanya a tsakani da sai ka karkace za ka wuce. Fanka na juyawa, rasidai na ɗaga kai suna son tashi, wani ya danne su da takalminsa ƙafa ɗaya, yana zaune da safa. Wata mata tana magana da waya biyu, ɗaya a kowane kunne, tana ce wa dukansu "ina zuwa". Injin kwafi ya haɗiye takarda ya tsaya yana ƙifta jar fitila. Kofunan shayi a ko'ina, wani har ya yi fata a sama. Ƙamshin wurin na takarda ne da gumi da tawada. Wallahi sai na ji kamar na shigo gida.

Hajiyar Bene na can ƙurya, kusa da tagar. Doguwa ce, ɗankwalinta ya zame baya, da jan biro a hannu. Na yi sallama, na durƙusa kaɗan, na miƙa ledar.

"Au, 'yar mai ɗinki. Wallahi na manta ina da riga a duniya. Ki gaishe da mamanki." Ta mayar da kai kan aikinta.

Ban motsa ba. Na zaro takardata na ɗora a kan fayil ɗin da take dubawa.

"Wannan kuma fa?"

"Koyon aiki nake nema, ranki ya daɗe."

Ta buɗe. Na so a ce ba za ta karanta ba, amma irinsu ko takardar ƙunshin gyaɗa aka ba su sai sun karanta. Idonta ya gangara, ya tsaya, ya sake gangarawa.

"Wannan sakamakon jarrabawa ne ko na asibiti?"

Mai takalmi ɗaya ya yi dariya ya mayar da ita tari.

"Na jarrabawa ne. Mara lafiyar dai tana tsaye."

"Kin faɗi darasin binciken asusu, kin hawo ofishin binciken asusu. Kina da ƙarfin hali. Ba a gaya miki lokacin hutu muke ɗauka ba?"

"Na zo lokacin hutu. Kuna da lokacin ƙina, kuka ƙi ni."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ba ku da shi."

Ta ajiye biron. Mai waya biyu ta sauke ɗaya.

"Wa ya gaya miki? Wa kika sani a nan?"

"Ita." Na nuna tagar.

Ta juya. Ina jin ta yi makonni ba ta dubi gefen nan ba, alhali shukar na kusa da kafaɗarta. Ta taɓa ganyen da ya kwanta, ta tura yatsa cikin ƙasar tukunyar, ta ciro shi a bushe. Na gaya mata komai, kujerata, mai shayi, labule, rigarta da ke kwana a ƙusa. Na ce tun makon jiya nake jira babban ganyen ya faɗi.

"Wato kina zaune kina kallo tana mutuwa, kina murna."

"Ina yi mata addu'a kar ta ƙarasa, ranki ya daɗe. Amma ban yi mata ta samun sauƙi ba."

Sai ta yi dariya, irin ta wanda ya daɗe bai yi ba, har da riƙe goshi. Da ta gama ta goge ido da bakin mayafi, fuskarta ta koma yadda take.

"Me kika iya? Kar ki ce mini kwamfuta, kowa haka yake cewa."

"Na iya zama wuri ɗaya tun safe har yamma ina tsefe ɗinkin da wani ya karkata, ban yaga yadin ba, ban kuma zagi mai ɗinkin ba."

"Na biyun ya fi wuya," in ji ta. "Saurara. Kar ki fita nan kina cewa maki ba komai ba ne. Komai ne. Da ina da sarari da ban ɗauke ki ba, kuma kin sani. Darasin nan da kika faɗi a zaune, a nan za ki sake shi a tsaye. Za ki jera rasidai har ki riƙa ganinsu a mafarki. In kika ɓatar mini da guda ɗaya, matakalar da kika hawo tana nan."

"Na yarda."

"Ban gama ba. Muna da ƙa'ida, kowa sai ya amsa kafin ya taɓa takarda. Gobe za mu shiga kamfanin nan mai rarraba sabulu da man girki. Kina da wani a can? Ɗan uwa, maƙwabci, kowa?"

Da zan iya cewa babu. Wa zai sani? Ba a ɗaura komai ba, ba a sa rana ba. Amma na hawo benen nan da mummunar takardata a buɗe, ban ga dalilin da zan fara ɓoye-ɓoye a kan kujerar farko ba.

"Akwai. Akantansu yana zuwa gidanmu."

"Wurin babanki?"

"Wurin babana yake fara zama."

Mai waya biyu ta ce "ayyiriri" a hankali. Hajiya ta harare ta.

"To ba za ki bi su can ba, kuma fayil ɗinsu ko ƙura ba za ki kaɗe masa ba. Akwai na wasu, sun ishe ki. Da dai a ce aiki kike a can, ko da na koyo ne, da ko kujera ba zan ba ki ba. Wanda sunansa ke cikin mutanen da muke bincika ba ya zama a ofishin nan. Sunanki ba ya can dai ko?"

"Ba ya can."

"Gobe da sassafe. Ki zo da takalmin da ya yi miki daidai. Kafin ki tafi, ba wa munafukar nan ruwa, tunda ita ta tona mana asiri."

Na ɗauki kofi na ɗebo ruwa. Na zuba mata rabi na tsaya. Na ce a raina, ki sha ki rayu, amma kar ki miƙe da yawa. Wa ya sani ko akwai wata mai maki irin nawa a wata tagar tana kallonki.

Na sauko na koma wurin Umma. Ta dubi hannuna ba leda, ta dubi fuskata, ta miƙo mini wata riga ta ce in sa mata maɓalli. Sai da na zauna na ga ta ɗinke aljihun wani wando ta rufe shi ruf, ita da ba ta taɓa irin wannan kuskuren ba. Ni na tsefe.

Da yamma muka koma gida, ina ta shirya yadda zan faɗa wa Baba. A ƙofar falo na ga takalma biyu a jere suna kallon waje.

Yana zaune a gefen kujera, farar riga, hula a daidai tsakiyar kai. Gwaggo ta fito da kofunan baƙi masu bakin zinariya, fuskarta kamar an kunna fitila a ciki.

"Ga ta nan! Zo ki durƙusa ki yi godiya, 'yar nema. Abin da kike ta yawo a kai an gama shi kina can kina sa maɓalli."

Akanta ya yi murmushi, ya gyara zama. "Ba wani abu ba ne, Baba. Na ga hankalinta ya ƙi kwanciya, sai na ce bari in hutar da ita. Yau na sa an shigar da sunanta cikin masu koyon aiki a kamfaninmu. An buga hatimi. Sai dai ta kai wa makaranta kawai."

Baba ya gyaɗa kai da jin kalmar hatimi, kamar an ambaci sunan tsohon abokinsa.

Ni kuwa muryar Hajiyar Bene ce kawai ke yawo a kunnena. Sunanki ba ya can dai ko? Gobe mutanenta za su shiga kamfanin nan, su buɗe komai, su ga sunana a zaune. Ba wurin kaɗai zan rasa ba, maƙaryaciya zan zama a ranar farko.

Na durƙusa, amma ba don godiya ba.

"Baba, na samu wuri. Ofishin odita na saman kantin magani. Da ƙafata na hau, da takardata yadda take. Gobe zan fara." Na juya gare shi. "Na gode da niyyarka, Allah ya saka. Amma ban roƙa ba, kuma ba a tambaye ni ba. Gobe za su shiga kamfaninku bincike, in suka tarar da sunana a can, sun fasa ɗaukata. Don Allah ka cire shi."

"Innalillahi!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "A kawo miki alheri har gida ki ce a mayar? Wa zai ɗauke ki da wannan makin in ba don Allah da yaron nan ba?"

"An riga an ɗauka, Gwaggo."

"Auta," in ji shi, muryarsa a kwance kamar kullum, "mutanen nan na san su. Za su tatse ki kamar lemo. Aikin da ba barci, ba hutu. Ni sauƙi nake nema miki."

"Na sani. Wahalar nake so. Ita ce ban taɓa samun mai ba ni ba."

Cokalin Umma a kicin ya daina motsi. Baba ya kai hannu a hankali ya kama hannun tabaraunsa mai baƙin zare. Ya cire. Idanunsa ba gilashi ƙanana ne, kamar na wanda aka tasa daga barci. Ya daɗe yana kallona.

"Su na benen, suna da hatimi?"

"Suna da shi, Baba."

"Kuma sai kin je za su buga?"

"Sai na je. Kullum."

"To shi ne hatimi." Ya juya. "Akanta, mun gode ƙwarai. Ka ji abin da ta ce."

Ya mayar da tabaransa. Gwaggo ta tattara kofunanta masu bakin zinariya tun shayin bai huce ba, tana cewa ita dai ba ruwanta, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Akanta ya yi sallama da ladabi, ya sa takalmansa da suka daɗe da shirin tafiya. Bai dube ni ba.

Ina ɗaki ina gwada tsofaffin takalmana, ina neman wanda zai iya tsayuwar yini, wayar ta yi ƙara. Sannu-Sannu.

"Ban ji daɗi ba, amma ba komai. Sai dai sunan da aka riga aka shigar ba ya fita da wuri. Akwai matakai. A bi a sannu."

Na zauna a bakin gado, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Sannu ba ta hana zuwa, haka ne. Amma ni na ga abin da jira ke yi wa ganye. Na rubuta:

"Gobe kafin in hau benen, kafin masu binciken su iso, ina ƙofar ofishinka. Ko ka cire shi da hannunka ina tsaye, ko in jira su a wurin in gaya musu da bakina yadda aka yi ya shiga."

Na tura. Alamar ta nuna ya karanta. A saman allon aka rubuta yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya sake tsayawa.

Na sa ɗaya takalmin. Ya yi mini daidai.